Buta Mara Nauyi

Jikata ce ta tayar mini da wannan magana, ba da saninta ba. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakina tana haddar karatun jarrabawa, waya a hannu, tana maimaita wa kanta yadda ake haɗa asid ɗin da ake kira fomik a ɗakin gwaje-gwaje: a zuba gilisarin, a zuba ƙwayoyin ogzalik, a ɗora a wuta, a tare abin da ya ɗigo. Tana faɗa tana lilo da ƙafa, kamar mai bayanin yadda ake dama kunu. Na ce ta nuna mini. Ta miƙo wayar, sai ga wasu hannaye cikin safar roba, babu fuska, suna aiki a kan wani farin teburi, har sun gama kafin in gyara zaman tabarau. Na tambaye ta ko ta san warinsa. Ta kwashe da dariya ta ce, "Haba tsoho, waya tana wari ne?" Na ce, "A'a amarya, ba ta yi." Ta koma haddarta. Ni kuwa sai na ji kamar yanzu ne nake gudu a filin nan na makarantar Bagudo.

A lokacin ina saurayi, na dawo gida da takardar koyarwa, aka tura ni wata makarantar sakandare a gefen garin. Ba a yi gada a kan kogin Kwara ba tukuna, duk mai zuwa Illo sai ya jira jirgin ruwa. Makarantar ba ta da famfo, ba ta da lantarki. Abin da kunne ke fara ji da safe shi ne ƙarar guga tana dukan bangon rijiya, sai ƙarfen tayar mota da aka rataye a reshe ana bugawa a madadin ƙararrawa, sai hayaniyar ɗalibai da bokitai a ka. Ruwa aiki ne. Kowane ɗigo an san wuyan da ya ɗauko shi, shi ya sa ba a zubarwa. Wanda aka wanke hannu da shi a ba shuka, wanda aka wanke allo da shi a yayyafa a daɓe. Yau idan na je Bagudo ina ganin samari suna huda ledar ruwa da haƙori su yi alwala, su jefar da rabi a ƙasa, babu mai ɗaga kai. A zamaninmu buta ce. Butocin roba masu zane, duk iri ɗaya daga kasuwa ɗaya, kuma idan aka kira salla buta ba ta da mai ita. Wadda hannunka ya kai gare ta, taka ce har ka gama.

Bayan haka na yi yawo. Na koyar a Yamai, na yi aiki a Kwatano, na zauna Kumasi, na taɓa Hartum. Na shiga ɗakunan gwaje-gwaje masu iskar gas a bango da famfo a kowane teburi, inda kowace kwalba ke da takarda a goshi. Namu na Bagudo ɗaki ne mai rufin kwano da tagogin katako, da kabad guda mai kwaɗo. Wutarmu risho ce, a kanta a ɗora faranti cike da yashin kogi, a binne gindin tulun gilashi a ciki don kada harshen wuta ya taɓa shi. Akwai wani dogon bututun gilashi mai riga biyu, tururi yana bi ta ciki, ruwan sanyi yana zagaye shi ta waje, har tururin ya koma ruwa ya ɗigo. A wasu ƙasashe famfo ke ba shi ruwan sanyin. Mu randa muke ɗorawa a kan kujera a saman teburi, mu zura siririn tiyo. Ruwan da ya gama zagayawa yana fitowa da ɗumi, tsaf da shi, ba abin da ya taɓa. Wa zai zubar da wannan? Sai muka saba jera butocin masallaci a ƙarƙashin teburin, wannan ta cika a matsa da tiyon zuwa waccan. Da an kira azahar, ɗalibai masu aikin ranar su shigo su kwashe su duka zuwa masallaci. Dattawan unguwa da ke salla tare da mu har yabawa suke, wai ruwan ɗakin kwalabe ya fi daɗin gaɓoɓi.

Babba a kaina a ɗakin wani mutumin Gana ne, dogo, mai sanyin hali, Kirista. Ticha kawai muke ce masa. Hausar zangon Kumasi yake yi, wadda ba ta raba mace da namiji, ya ce wa yarinya "kai, zo nan," aji ya ɗauki dariya, shi ma ya taya su. Ya san aikinsa, kuma yana tsoron kayan aikinsa, ya koya mini in ji tsoronsu. Shi ya fara kai ɗalibai gindin mangwaro, ya sa suka taɓa gidan jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye, sannan kowa ya sansana yatsunsa. Wannan tsamin mai hawa hanci, in ji shi, shi ne asid ɗin, kuma mutanen da can tururuwar suke tarawa su dafa kafin su samu. Sunansa ma daga sunan tururuwa aka ɗauko, mai jin Faransanci yana iya jin kamannin a ciki. Na tururuwa ɗan cizo ne, ka sosa ka wuce. Wanda muke haɗawa kuwa fari ne tas kamar ruwan rijiya, ido ba ya raba su. Yana ƙona fata, yana cin maƙogwaro, idan ya shiga ido yana iya tafiya da shi. Hanci kaɗai ke gane shi.

A wannan shekarar nake neman aure a Illo, 'yar wani mai jirgin ruwa, wadda ita ce kakar wannan mai yi mini dariya. Mahaifinta, Baba, Badandi ne, wato ɗan ƙabilar Dandawa, da ya tsufa a kan Kwara. Yana ɗaukar mutane da buhuna daga gaɓa zuwa gaɓa, wani lokaci ya haura har iyakar Binin. Idonsa ne jarinsa. Daga launin ruwa yake gane inda yashi ya taru, daga ɗan motsi can nesa ya san dorina ce ko kututture. Hannuwansa kuwa igiya da sandar tuƙi sun mai da su kamar busasshiyar fata, na ga ya ɗauki garwashi da yatsu ya kai wa wani. Hancinsa ya daɗe da mutuwa saboda garin taba da yake shaƙa, har gida ana tsokanarsa a ɓoye cewa kifi zai ruɓe a jirginsa bai sani ba. Yana da wata ɗabi'a da duk Illo ta sani. Idan zai yi alwala, sai ya bi butoci yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi wadda ta fi rashin nauyi. Yakan ce 'yan zamani wanka suke yi da sunan alwala, shi abin da zai cika tafi 'yan kaɗan ya ishe shi. Sannan ya ware gefe shi kaɗai, ya juya baya, kuma ko gobara ake ba ya amsa kowa sai ya wanke ƙafa.

Yaran yanzu ba za su gane irin tsoron da nake yi wa mutumin nan ba. Ba mugu ba ne. Suruki ne, ko wanda ake fata ya zama suruki, kuma a wurinmu wannan ya isa. Tun daga nesa kake cire takalmi. Ka tsuguna, ka dubi ƙasa. Ba ka kiran sunansa, ba ka cin abinci yana gani, ba ka ɗaga murya inda yake. Idan ka hango shi a hanya, gara ka ratsa gonar mutane ka zagaya. Bahaushe da Badandi da Bafulatani duk sun haɗu a kan wannan, sai dai wani ya fi wani. Shekaru bayan haka a Kwatano na ga saurayi yana cin abinci kwano ɗaya da uban matarsa suna gardamar ƙwallo, na kasa haɗiye lomata.

Akwai ƙanen Baba da muke kira Kawu, wanda tun farko bai so ni ba. Shi ya baza cewa malamin nan guba yake dafawa a kwalba. Wata ranar kasuwa sai ga su su biyu sun haye kogi sun zo makaranta, wai Baba yana so ya ga wurin aikina da idonsa. Bai shiga aji ba. Ya zauna a gindin bishiyar dogon yaron da ke gefen masallaci. Na je na zube a gabansa.

"Malam," in ji shi, "an ce mani kana dahwa abin da ba a ci."

"Baba, karatu ne."

Kawu ya ce, "Karatu da risho? Mu namu karatun allo muka sani. Wanga kam sai dai a tambayi bokaye."

Baba ya ɗaga masa hannu. "Tahi ka yi aikinka, Malam. Muna nan har mu yi azahar."

Ranar ce kuwa muka tsara haɗa asid ɗin da 'yan aji na ƙarshe. Kayan da wuya suke zuwa, don haka sau ɗaya ake yi, kowa ya buɗe ido. Ticha ya zuba gilisarin a tulun gilashi, mai kauri kamar zuma mara launi, irin wanda mata ke haɗawa da man shafawa. Ya zuba ƙwayoyin ogzalik, farare kamar sukari, bayan ya gargaɗi kowa cewa wannan sukarin kabari yake kaiwa. Ya zura ma'aunin zafi har cikin ruwan. Aikina shi ne risho. Zafin ana so ya ɗara na tafasar ruwa kaɗan, digiri ɗari da goma, ya tsaya nan. Idan ya zarce sosai wani abu dabam ke fitowa, mai hayaƙin da ke sa hawaye. Na tsuguna ina murza lagwani, ido a kan jan zaren ma'aunin. Can sai kumfa ta fara tasowa, iska tana fita. Da ta lafa, Ticha ya ƙara ƙwayoyin, ya bayyana musu cewa gilisarin ɗin ba ya ƙarewa, karɓa yake ya miƙa, shi ya sa ana ta ƙara ogzalik ana ta samu. Sai ɗigo na farko ya gangaro ta bututun ya faɗa kwalbar tara. Ɗakin ya yi tsit. Kana jin ɗis, ɗis, da shuuu na risho, da tsiyayar ruwan ɗumi a cikin butoci a ƙarƙashin teburi. Sannu a hankali tsamin tururuwa ya cika ɗakin, yara suna toshe hanci suna murmushi, sun gane shi.

Rana ta take, kwalbar ta yi fiye da rabi. Na baya suna turo na gaba don su gani. Wani ɗalibi ya yi tuntuɓe ya dafa teburin, kwalbar ta karkata ta bugi ƙarfen da ke riƙe da bututu, wuyanta ya tsage, ruwan ya fallatsar masa a wuyan hannu. Ya ƙwala ihu. Na kama shi na ja shi waje da gudu zuwa rijiya, ajin duka ya biyo mu. Muka yi ta kwara masa guga bayan guga. Fatar ta yi ja, amma da sauƙi. Ticha ya tsaya a baya ya kashe risho ya buɗe tagogi, daga baya ya iso yana haki. Muna nan a bakin rijiya aka kira salla.

Na ce, "Ticha, sauran asid ɗin fa? Kwalbar ta fashe."

"Babu damuwa," in ji shi. "Na juye shi cikin buta, wanda ba shi da ruwa. Yana ƙarƙashin teburi, idan mun koma za mu nemi kwalba."

A wurinsa buta mazubi ce kamar kowane mazubi. Bai taɓa kai ruwanta bakinsa ba. Na juya na dubi fili. Ƙofar ɗakin gwaje-gwaje a buɗe take. Can gaba, masu aikin ranar har sun isa masallaci, butoci rataye a yatsunsu, suna sauke su a jere.

Ban san sanda na saki gugar ba. Na sha jin tsoro a rayuwata, jirgi ya taɓa juyewa da mu kusa da Gaya, an taɓa tsare motarmu da bindiga a hanyar Kumasi, amma babu wanda ya kai na wannan gudun. Domin ina gudu ina lissafi, kuma lissafin bai da wuya. Butoci duka cike suke ko kusa da cika. Guda ɗaya ce mai ɗan abu a gindi. Kuma na san mutum ɗaya a duniya da zai bi su yana ɗagawa har ya same ta. Hancinsa ba zai gaya masa ba. Hannunsa ba zai gaya masa da wuri ba. Bayan hannu sai baki, bayan baki sai hanci, bayan hanci sai fuska.

Na yi ta ihu ina zuwa, da Hausa, da Dandanci, da Fulatanci, duk wanda ya fara zuwa bakina. "Ku aje butoci! Kowa ya aje!" Ɗalibai suka saki nasu suka miƙe a firgice, wasu da ruwa a baki suna tofarwa. Na duba gindin dogon yaro, Kawu ne kaɗai. Na zagaya bayan masallaci. Ga shi can tsugune a kan wani dutse, ya ba duniya baya, ya naɗe hannun riga. Yatsunsa suna sheƙi, ya riga ya wanke hannu. Ya karkata butar da hagu, ya tara tafin dama.

Na buɗe baki in kira shi, abin da ya fito raɗa ce. Wallahi raɗa. Harshen da ya yi ta kururuwa a fili ya ƙi ɗaga murya a kan Baba, ko a wannan halin. Ko da ma na yi ihun, na san ba zai waiwayo ba. Tafin ya cika, ya taso zuwa gemunsa. Ƙafafuna ne suka yanke hukuncin. Na faɗa kansa da takalmina da komai, na bugi hannun nan da dukkan ƙarfina, na shure butar ta yi can.

Ruwan tafin ya watsu. Mafi yawansa ya tafi ƙasa. Kaɗan ya tashi sama.

Hularsa ta faɗi. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya dube ni, karo na farko da muka haɗa ido tun da na san shi. Kafin wani ya yi magana Kawu ya shaƙe ni ta baya. "La'ananne! Shi kaka mari? Gaban jama'a? Na hwaɗa maku mahaukaci ne!" Dattawa suka taso, ana salati, wani ya ɗaga sanda. Ni ba su nake kallo ba. Idon Baba na hagu nake kallo, ya fara ƙiftawa da sauri, ya runtse, hawaye ya ɓalle. Ya kai hannu zai murza, da hannun nan da ya wanke da asid.

"Idona," in ji shi a hankali. "Wuta."

Na fizge daga hannun Kawu, rigata ta yage. Na riƙe hannuwan Baba biyu, na kwantar da kansa a cinyata, na sa yatsu na buɗe fatar idon da ƙarfi. Ni da ban taɓa taka inuwarsa ba, ga gemunsa a tafina. Na ce a kawo ruwa. Aka tsaya cirko-cirko, kowa yana tsoron butocin. Sai ga Ticha ya iso. Ya durƙusa, ya ɗauki buta, ya sansana, ya kurɓa ya haɗiye a gaban kowa, sannan ya miƙo mini. Haka ya yi wa kowace buta, yana cewa, "Ni ne na zuba, Baba, ni ne, ba shi ba." Ina tsiyaya ruwan daga gefen hanci zuwa waje don kada ya gangara ɗaya idon. Wani yana kwara masa a hannuwa, inda tsakanin yatsu ya fara yin fari yana tashi. Wani dattijo ya ɗauko butar da na shure ya kai hanci, ya yi baya yana tari har ya zauna. Daga nan sandar ta sauka.

Sai shawarwari suka fara. A sa nono. A sa kwalli. A sa man shanu. A kawo rubutu a ɗiga. Duk masu faɗa sun haife ni, kuma duk na ce musu a'a, ban ko sassauta murya ba. Ruwa kawai. Butoci suka ƙare, ɗalibai suka yi layi daga rijiya suna miƙo bokitai. Liman ya jinkirta salla, ya kawo tasa butar da kansa. Ƙasa ta zama taɓo a ƙarƙashinmu. Mutumin da ke ƙyashin cika tafi sau uku, ranar an zubar masa da ruwan makaranta kaf a ido ɗaya. Bai yi ko nishi ba. Jijiyar wuyansa kawai nake ji tana harbawa a cinyata, ni kuma ina karanta duk addu'ar da na sani, ina duban baƙin idon ko zan ga ya fara yin fari. Idan idon nan ya tafi, jirgi ya tafi, kuma hannuna ne ya watsa ruwan.

Da la'asar muka kai shi ɗakin magani, aka sa masa magani aka naɗe idon, aka ce sai abin da Allah ya yi. Na bi su har bakin kogi daga nesa. Wani ne ya tuƙa. Baba ya zauna a tsakiyar jirginsa kamar baƙo, da farin ƙyalle a fuska da hannuwa a naɗe, bai waiwayo ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban san ɗanɗanon abinci ba. Kawu ya aiko cewa kada in kuskura in taka Illo. Duk wanda ya hayo daga can sai in tare shi a mashayar kogi inda jirage ke tsayawa, wani ya ce idon ya kumbura kamar ƙwai, wani ya ce ya tsiyaye, wani ya ce bai sani ba. A kasuwa mata suna nuna ni da baki, ga malamin da ya mari surukinsa. Ina shiga aji, in ga buta, in kauce mata. Ticha ya sayo jan fenti ya shafa wa duk mazubin ɗakin gwaje-gwaje, ya hana buta ƙetare ƙofar har ya bar ƙasar. Ruwan ɗumin dattawa ya ƙare daga ranar.

Sai wata safiya aka ce Baba yana kira. Na haye ina jin kamar a juya da jirgin. Na same shi a mashaya ƙarƙashin rumfa, da Kawu da wasu dattawa. Na cire takalmi, na tsuguna nesa, na ƙura wa ƙasa ido.

"Matso, Malam. Ka riga ka ga cikin idon, mi ya rage?"

Na matsa na ɗaga kai. Babu ƙyalle. Idon ja ne, da ɗan farin tabo a gefen baƙin. Ya sa tafinsa mai saɓa ya rufe na dama, ya juya wajen kogi, ya daɗe.

"Ga mace can ƙetare da jan zane," in ji shi. "Tana jan akuya, akuyar ta ƙi. Ko ƙarya nika yi?"

Wani ya sa hannu a goshi ya duba, ya ce wallahi haka ne. Ni ban ga komai ba, idona ya cika.

Kawu ya ce, "To, alhamdu lillahi. Amma maganar mari tana nan. Yaron da ya ɗaga ma hannu gaban mutane, shi za ka ba ɗiya?"

"Kai kana ina sa'ad da anka yi?"

"Ina gindin icce."

"Da kai ne ka gani, mi za ka yi?"

Kawu ya ce, "Sai in yi maka magana."

"Da ladabi," in ji Baba. "Ka tsuguna, ka yi sallama, ka jira in wanke ƙahwa. Na sani. Duk kuna da kunya, Allah shi yi maku albarka. Da yanzu kuna zaman makokina da kunyarku."

Dattawa suka yi dariya, Kawu bai yi ba. Aka kira azahar. Baba ya tashi ya nufi inda butoci suke, ya bi su yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ya sami mara nauyin. Sai ya juyo ya miƙo mini ita a gaban kowa.

"Malam, sansana mani."

Na karɓa da hannu biyu na kai hanci. Ruwan kogi ne, da ɗan warin roba. Na ce, "Lafiya lau, Baba." Daga ranar har ya bar duniya, duk sanda nake kusa, ba ya alwala sai ya miƙo mini. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, amma butarsa sai ta bi ta hancina.

Ni ma abin ya zauna mini. A Yamai, a Hartum, har a Makka, ban taɓa zuba ruwa a tafina ban sansana ba, abokan tafiya suna yi mini dariya. Ɗakin nan na Bagudo yanzu an mai da shi ma'ajiyar fasassun kujeru, na leƙa ta taga bara, ko gilashi ɗaya babu. Asid ɗin kuma a manyan jarkoki yake shigowa ta iyaka, masu jimar fata suna saye, wani lokaci a juye a gorar ruwan sha babu ko rubutu, a ajiye a shago kusa da inda ake salla. Duk sanda na gani sai na yi magana, su ce to Alhaji, su ci gaba da abin da suke yi. Abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu shi ne, shekarun nan hancina ya fara tafiya. Turare sai an kawo shi dab. Ran nan tuwo ya ƙone a gidan, kowa ya fito yana fifita, ni ina zaune.

Jikar tawa tana cikin haddarta aka kira la'asar. Na tashi na je inda butocinmu suke a gindin famfo. Sai da na ɗaga ta uku na lura da abin da hannuna ke yi. Na kai mara nauyin hancina, ban ji komai ba, kuma ban san ko don babu komai ba ne.

"Amarya, zo ki sansana mini."

"Tsoho, ruwan famfo ne fa. Ni na zuba ɗazu."

"Sansana dai."

Ta aje wayar tana gunaguni, ta karɓa, ta kai hanci, ta dube ni. Ban san abin da ta gani a fuskata ba, amma dariyar ta tsaya. Ta sake sansanawa, a hankali wannan karon.

"Lafiya lau, Kaka."

Sannan na tsuguna na ce bismillahi.